Takardar gwaji ta ce lafiyata ƙalau, bayan watanni aka ƙara mini jini

A gidanmu olsa gado aka ɗauke ta. Ummanmu tana da ita, yayarta tana da ita, kuma tun ina ƙarama na saba ganin kofin kanwa a jiƙe a bayan randa, in ƙwannafi ya taso wa Umma da dare ta kurɓa ta koma ta kwanta. Kowa a gidan ya san abin da ke kawo ta: zama da yunwa, yaji, tsami da yawan tunani. Shi ya sa da nawa ciwon ya fara a makarantar kwana babu wanda ya yi mamaki. Aka ce ai 'yar Umma ce, aka ƙara mini madarar gari a cikin kayan komawa makaranta, aka ce in riƙa cin wani abu kafin in kwanta.

Haka na girma da shi, na yi aure da shi, na fara koyarwa a firamare da shi. Ciwon yana da lokacinsa. Cikin dare yake tashina, can ƙasan ƙirji ya riƙa ci yana zafi, sai na sa wani abu a baki ya lafa. Mai kemis na layinmu ne ya fara ba ni omefirazol, maganin rage tsamin ciki, kuma gaskiya ranar da na fara sha na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Daga nan ya zama abokin zama. Kullum ƙwaya ɗaya, in abin ya matsa biyu. A jakata akwai, a ƙarƙashin filo akwai, a durowar ofishin malamai akwai. Na daina lissafa shi cikin magunguna, domin in aka tambaye ni ko ina shan wani magani nakan ce a'a da zuciya ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne azumi. Duk shekara sai na sha wasu kwanaki, ba don haila ba, don kawai kafin la'asar nakan durƙushe ina gumi. Na san Allah ya yi wa marar lafiya rangwame, amma sanin hukunci daban, zama a ɗaki kina cin abinci a ɓoye alhali yaranki ƙanana suna gasar kai azumi daban. Ramuwa kuma ta riƙa taruwa a kaina shekara bayan shekara.

A wani ƙaramin asibiti na fara jin sunan H. pylori. Aka ɗebi jinina, aka ɗiga a kan wani ɗan faranti, layi biyu suka fito, aka ce ina da ƙwayar cutar da ke haddasa olsa. Na yi murna har da hawaye, domin a karon farko an ce ciwona yana da dalili kuma yana da magani. Aka rubuta mini magunguna na mako guda. Na sha, na ji sauƙi, bayan 'yan watanni ciwon ya dawo yadda yake. Na koma, aka sake gwajin jinin, aka ce ƙwayar tana nan, aka sake rubuta irin magungunan. Haka muka yi ta zagaye. Kuɗi yana tafiya, cikina yana ƙara lalacewa da gudawa da ɗacin baki, kuma duk lokacin da aka ɗiga jinin layi biyun nan suna nan daram.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin gwajin numfashi. Ta ce yayanta ya yi a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, kuma an ce shi ne ba ya ƙarya. Kuɗinsa ya ninka na jini sau da yawa, sai da na jira ɗaukar adashi. Aka ce in zo da safe ban ci komai ba. Da na je, yarinyar da ke wurin ta yi mini tambaya biyu: ko na karya, da ko ina da juna biyu. Na ce a'a duka. Ta ba ni ƙwaya ɗaya na haɗiya da ruwa, na zauna kamar minti goma, sannan ta miƙo mini wani ɗan kati mai baki ta ce in yi ta hurawa har launin da ke jikinsa ya canza. Ta sa katin a na'ura. Ba a jima ba takarda ta fito. Babu ƙwayar cutar.

A daren da ya gabata na sha omefirazol kamar kullum. A makon da ya gabace shi kuma na gama shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, saboda zazzaɓin da aka ce mini taifot ne. Ba wanda ya tambaye ni ko ɗaya daga cikin biyun, ba a rubuta a takardar da aka ba ni ba, ni kuma ban san suna da wata alaƙa da hura kati ba.

Wannan takarda ta yi mini illar da ciwon kansa bai yi mini ba. Kafin ita ni marar lafiya ce a idon kowa. Bayanta na zama mai raki. Maigidana mutumin kirki ne, bai taɓa yi mini gori ba, amma da na tashe shi cikin dare ya ce, a hankali, "To ai ke da kanki kin ga sakamakon. Ki rage sa abu a rai." Surukata ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, ta aiko da rubutu da turare. Wata ƙawar Umma ta fara tambayar ko akwai wadda muke 'yar tsama da ita a wurin aiki. Ni kaina na fara shakkar kaina, kuma wannan ya fi komai muni. In ciwon ya taso sai in ce wa raina na'ura mai tsada ta ce babu komai, ke ce dai ba ki da haƙuri. Na daina faɗa wa kowa. Na koyi yin kuka a banɗaki da famfo a buɗe.

A cikin wannan hali bayana ya fara ciwo saboda tsayuwar aji, mai kemis ya ba ni daikulofenak, maganin ciwon jiki da ke iya tsananta olsa. Tunda takarda ta wanke ni, ban ga abin tsoro ba. Na riƙa sha, wani lokacin ma ba tare da na ci komai ba.

Alamar farko bayan gida ce. Ya koma baƙi ƙirin, yana danƙo, da wani wari da ban taɓa ji ba. Na ɗauka wani abu na ci. Sai jiri, sai bugun zuciya in na hau 'yar matakala, sai fatar idona ta yi fari. Wata safiya ina ɗaure wa ƙaramar 'yata ɗankwali na ji duniya ta juya, ban farka ba sai a gadon asibitin koyarwa da ledar jini a rataye a kaina. Ƙanin maigidana ne ya ba da jinin. Washegari aka zura mini na'urar nan mai kyamara ta baki har cikin ciki. Suka ga gyambo a farkon hanji, daidai inda tumbi ke sauke abinci, kuma daga nan jinin ke tsiyaya. Suka ɗan gutsuri naman tumbin aka kai ɗakin bincike.

Da sakamakon ya fito, likitan ciki ya zo zagayen safe da ɗalibansa. Dattijo ne mai magana a nutse. Ya ce, "Malama, ƙwayar H. pylori tana nan a cikinki." Na ce, "Likita, ai na yi gwajin numfashi, an ce babu." Na sa maigidana ya ciro takardar daga jaka, don duk inda za ni da ita nake tafiya. Ya duba, sannan ya yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini: "A lokacin da kika yi wannan, me da me kike sha?" Na ce babu komai. Ya ce, "Har da maganin olsa?" Sai na yi shiru, na ce wannan kam kullum ne. Ya ce maganin zazzaɓi fa, ko na haƙori, ko na sanyi, a cikin watan? Na gaya masa na taifot. Ya juya ya kalli ɗalibansa, ya ce su riƙe wannan da kyau.

Ya ja kujera ya zauna, ya yi mini bayani da Hausa, kuma abin da ya faɗa ya zauna a kaina har yau. Ya ce tumbin mutum cike yake da ruwa mai tsami ƙwarai wanda ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Ita wannan tana rayuwa a ciki ne saboda tana da wani sinadari da ke fasa wani abu da ake kira yuriya gida biyu: amoniya, wadda take kare kanta da ita daga tsamin, da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Ƙwayar da aka ba ni na haɗiya yuriya ce da aka yi wa alama. In cutar tana nan tana aiki, za ta fasa ta, iskar mai alama ta shiga jini ta kai huhu, ta fito a numfashi, na'ura ta gan ta. In babu cutar, yuriyar ta wuce abinta. Wato gwajin aikin ƙwayar yake aunawa. Omefirazol da danginsa kuma suna danne ta, su rage yawanta da kuzarinta ba tare da sun kashe ta ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka sha don wani ciwo daban shi ma haka yake yi, ya rage ta amma bai gama da ita ba. Ya ce, "Kamar ki je ƙirga 'yan kasuwa ne ranar da kasuwa ba ta ci ba, ki dawo ki ce garin babu masu ciniki."

Na tambaye shi, to ashe gwajin banza ne ke nan. Ya ce ko kusa. Ya ce cikin gwaje-gwajen da ba sai an zura wa mutum na'ura ba, da wuya a sami wanda ya fi shi, domin in an yi shi bisa ƙa'ida yana kama kusan 95 cikin 100 na masu ƙwayar, kuma da wuya ya ɗora wa wanda ba shi da ita. Ƙa'idar ce ba a bi ba: mako biyu ba a sha omefirazol ko wani irinsa ba, mako huɗu ba a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ko maganin ciki mai sinadarin bismut ba, sannan a zo ciki babu abinci. Ya ƙara da cewa ko lokacin da gyambo ke zubar da jini gwajin yakan iya kuskurewa, shi ya sa in ya ce babu a irin wannan lokaci sai an sake.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Akwai sanyin rai, domin ashe ba hauka nake yi ba. Akwai kuma fushi, mai yawa. Tambaya guda ɗaya, wadda ba ta kai minti ɗaya ba, ita ce tsakanina da ledar jinin nan. Ban riƙe yarinyar da ta yi mini gwajin a raina ba, na fi zaton ita ma ba a koya mata ba. Amma har yau ina ganin duk wurin da ya iya sayen na'urar kuma ya iya karɓar kuɗin mutane, ya wajaba a kansa ya iya buga 'yar takarda da Hausa ya manna a bango.

Da na sami ƙarfi na shiga karanta duk abin da na samu a wayata. A nan na san cewa har farkon shekarun 1980 likitocin duniya ma irin tunanin gidanmu suke yi, cewa damuwa da abinci ne ke kawo olsa. Wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka nuna ƙwayar cuta ce. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ruwan da aka raini ƙwayar a ciki a 1984, ya kamu, don ya kafa hujja da jikinsa. Sai a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Na ga kuma wani bincike da aka yi a Amurka a 1998, inda aka ba masu ƙwayar irin maganin da nake sha sannan aka yi musu gwajin numfashi: kusan ɗaya cikin uku sakamakonsu ya ce babu, amma mako biyu da daina maganin duk ya dawo ya nuna tana nan. Na karanta wannan na ajiye wayar, domin labarina ne aka rubuta tun ina makarantar firamare.

Na kuma fahimci abin da ya sa gwajin jini ya yi ta wahalar da ni. Shi garkuwar da jiki ya ƙera don yaƙar ƙwayar yake gani, kuma garkuwar tana iya zama a jini watanni ko shekaru bayan ƙwayar ta mutu. Ba zai iya gaya maka ko magani ya yi aiki ba. A ƙasa irin tamu abin ya fi tsanani, domin wani ƙiyasi da aka buga a 2017 ya sa Najeriya cikin ƙasashen da suka fi yawan masu ɗauke da ita, kusan 88 cikin 100. Yawanci tun yarinta ake ɗauka, ta ruwa da abinci da cuɗanyar gida, kuma mafi yawan masu ita ba za su taɓa jin komai ba. To in ka ɗiga jinin mutanen layinmu, kusan kowa layi biyu zai nuna. Duk da haka ba abin wasa ba ce, don tun 1994 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar tumbi, ko da yake kaɗan ne cikin masu ita abin ke kai su can.

Likitan ya ce tunda na sha haɗin farko sau da yawa bai yi ba, akwai yiwuwar ƙwayar ta saba da shi, don haka ya canza. Ya rubuta magani huɗu na kwana 14: omefirazol, bismut, tetarasaikilin da metronidazol. Bismut ɗin ma da ƙyar aka samo. Ban taɓa shan wahalar magani irin wannan ba. Bakina kullum ɗanɗanon ƙarfe, tashin zuciya daga safe har dare, ga shi an hana ni haɗa tetarasaikilin da madara, madarar da na dogara da ita tun ina yarinya. Bismut kuma yana mayar da bayan gida baƙi. An gargaɗe ni tun farko, amma ranar da na gani sai da jikina ya ɗauki rawa, don na tuna wancan baƙin. A tsakiyar kwanakin na ce wa maigidana ba zan iya ƙarasawa ba. Shi ya karɓi ledar magungunan, ya sa ƙararrawa a wayarsa, ya riƙa miƙo mini da hannunsa. Bai taɓa tayar da maganar da ya yi mini a daren nan ba, ni ma ban tayar ba, amma na gane wannan ce hanyarsa ta ba da haƙuri.

Bayan an gama aka bar ni a kan omefirazol na wasu makonni don gyambon ya warke, sannan aka zo wurin da na fi tsoro: in ajiye shi gaba ɗaya mako biyu kafin a sake gwajin numfashi. Mutumin da bai yi shekaru yana sha ba ba zai gane wannan ba. Kwanakin farko ƙwannafi ya dawo da ƙarfi, na tabbata a raina ƙwayar ce ba ta mutu ba. Na koma wurin likita a firgice. Ya ce tumbin da aka daɗe ana danne wa tsami yakan yi ambaliya in an sake shi, zai lafa. Ya yarda in sha farin maganin ruwan nan mai kwantar da ƙwannafi in abin ya yi tsanani, amma in bar shi ana gobe gwaji. Na kwashe duk omefirazol ɗin gidan na ba maƙwabciyata ajiya, don na san in yana kusa cikin dare hannuna zai kai.

Wannan karon a asibitin aka yi, kuma kafin a ba ni komai sai da ma'aikacin ya bi tambayoyi ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa. Na hura katin. Sakamako ya ce babu.

Kalma ɗaya ce da ta farko, kuma na ɗauki lokaci kafin zuciyata ta amince da ita. Abin da ya taimake ni shi ne na san me ya bambanta su: wancan an yi shi ƙwayar tana danne, wannan an yi shi an ba ta duk damar da za ta nuna kanta, ba ta nuna ba. Jikina kuma ya ba da shaida, domin tashin dare ya tsaya. Ba zan ce na zama kamar wadda ba ta taɓa ciwo ba. In na cika ciki da maiƙo ko na ci abinci na kwanta nan take, ƙwannafi yakan zo, likita ya ce wannan matsala ce daban da ƙwayar. Daikulofenak da danginsa kuwa an raba ni da su, farasitamol kaɗai nake sha.

Akwai ranar da na kusa komawa gidan jiya. Na kai yarona wani asibiti, na ambaci tarihina a cikin hira, ma'aikacin ya ce bari ya duba ni kyauta. Ya ɗiga jinina, layi biyu suka fito, ya fara rubuta magani. Da a da ne da na karɓa da godiya. Na ce masa, "Ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri, amma wannan garkuwa ce kake gani. An yi mini na numfashi bayan magani." Ya tsaya yana kallona, sannan ya ajiye biron.

Azumin da ya biyo baya na kai shi duka, in ban da kwanakin al'ada, kuma na fara rage ramuwar da ke kaina a ranakun Litinin da Alhamis. Likita ya ba da shawarar a gwada maigidana tunda kwano ɗaya muke ci. A inda ya je babu na numfashi, aka yi masa na bayan gida, wanda shi ma ƙwayar mai rai yake nema kuma sharuɗɗansa na barin magani iri ɗaya ne. An samu, ya sha nasa maganin, an sake gwadawa an tabbatar ta tafi.

Umma ce har yanzu muke fama da ita. Ta yarda a yi mata gwajin, amma ta ce ba za ta iya mako biyu babu maganinta ba, kuma shekarunta da ramar da ta fara yi sun sa likita ya ce ita kyamara ya kamata a fara yi mata kafin komai. Tana tsoron na'urar. Na gaya mata ana fesa wa maƙogwaro maganin kashe zafi, ba ya daɗewa, kuma zan tsaya a bakin ƙofa har a gama. Ta ce a bari sai bayan bikin ƙanwarmu. Na riga na karɓo mata rana a satin da ke biye da bikin, yayanmu kuma ya ce shi zai biya.